Ya Tura Wa Kowa Mai Kunne

Litinin, da hantsi

An ce in zauna a gida sai kwamiti ya gama bincike. To, ga ni a gida. Na yi shara, na wanke kwanuka, na sake wanke waɗanda na riga na wanke. Maigidan ya tafi makarantar da yake koyarwa, yara sun tafi tasu, an bar ni da kaji.

Tunda hannuna bai saba zama ba, bari in rubuta. Ni ce mai gwajin ruwa a hukumar ruwa ta garin nan. Ruwan da zai fita daga tankunanmu zuwa famfon mutane, ta kwalabena yake bi. Tun kafin in haifi babbar 'yata nake wannan aiki, ga shi yanzu ta kusa kamo ni tsawo. A tsakiyar shekarun nan zazzaɓi ya kwantar da ni, da na tashi na tarar ya tafi da kunnuwana duka biyu. Magana ina yi, har ana cewa na cika yi. Ji ne babu. Bakin mutane nake karantawa, in dai sun fuskance ni.

Abin da ke gaban kwamiti ɗaya ne: ko a mayar mini da makullin ɗakin gwaji, ko a yi mini ritayar dole, a ce kurma ba za ta iya ba. Na iya aikina. Wannan ko a gaban wa zan faɗa.

Litinin, da yamma

Na goge farar rigata ta aiki. Ban san dalili ba.

Talata, bayan azahar

Tsohon shugabanmu Sannu-Sannu muke kiransa, a bayan idonsa da gaban idonsa, bai taɓa damuwa ba. A zamaninsa inji kan lalace ya shekara ana "duba lamarin". Amma da na dawo daga jinya, shi ya sa aka fitar da dogon teburin taro aka kawo mai da'ira, don in riƙa ganin bakin kowa. Ya kafa doka: mai magana ya ɗaga hannu tukuna, kuma kowane umarni a rubuta shi a allon bakin ƙofa. Ofishinmu ya tara mutane iri-iri, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, 'yan gari da baƙi masu nasu harshen, injiniyoyi da leburori. Ni dai a ganina teburin nan da allon nan sun ɗauke mu duka.

Da ya yi ritaya aka kawo mana Guguwa. Sunan ya bi shi. Ba zan ci haƙƙinsa ba: cikin 'yan watanni ya tayar da injinan da muka riga muka yi wa ta'aziyya, unguwannin da suka manta kamannin ruwan famfo suka ga ruwa. Amma mutumin ba ya zama. Yana magana yana tafiya, rabin zancen ƙeyarsa nake gani. Taro ya ce ɓata lokaci ne. Allo ya ce na 'yan firamare ne. Sai ya buɗe zauren ma'aikata a waya, yana cikin mota yana zubo saƙon murya, wannan na bin wannan. In saƙo ya shigo sai in ga kowa ya kara waya a kunne yana gyaɗa kai, ni kuwa ina riƙe da tawa kamar an ba ni ajiya.

Rediyo ce ta rufa mini asiri. Abokiyar aikina ce, teburinta na kallon nawa, bakinta ba ya hutawa, shi ya ja mata sunan. Duk saƙon da ya shigo sai ta saurara, ta juyo ta maimaita mini, har da hura hanci irin nasa. Mu yi ta dariya.

Ran Alhamis ɗin da ta jawo wannan bincike, Rediyo ba ta zo ba, ta kai mahaifiyarta asibiti. Guguwa ya turo saƙo cewa an gama gyaran tankin gabas, mai gwaji ta duba ruwan, in ba a ji wata matsala daga gare ta ba zuwa rana, a buɗe. Kowa ya ji. Kowa ya ɗauka wani ya gaya mini. Rana ta yi, ba a ji daga gare ni ba, aka buɗe. Ni kuwa ina ɗakina ina wanke kwalabe, har da 'yar waƙata.

Sauran ba zan rubuta ba.

Laraba, da yamma

Maigidan ya zauna a gabana, ya juya fuskarsa wajen haske yadda ya saba, ya ce, "Maman yara, tambaya zan yi, kada ki hau ni. Me ya hana ki gaya wa mutumin nan tun farko cewa saƙonsa ba ya isa gare ki?"

Na ce, "Na gaya masa."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce za a duba. Yana faɗa yana juya baya."

"To, da kin sake."

"In riƙa binsa a baya ina roƙon a yi mini magana? Ni ba alfarma aka yi mini ba. Takardata na kawo aka ɗauke ni."

Ya ce, "Girman kan nan naki, wata rana sai an faɗaɗa mana ƙofa."

Na rufe idona. In na rufe ido magana ta ƙare, ya sani. Ita ce kaɗai ribar da na ci a kurumta.

Alhamis, da safe

Yau Alhamis. Na kasa buɗe famfon gidan nan, sai da na sa aka ɗebo mini.

Juma'a, da la'asar

Rediyo ta zo. Tun daga ƙofa take kuka, baki na rawa, ko kalma ɗaya ban kama ba. Na ce, "Ke, share hancinki ki yi magana, ba na karanta kuka." Sai ta fashe da dariya, ta zauna.

Ta ce an sallami na ƙarshen yaran da ruwan tankin gabas ya kwantar daga asibiti, da ƙafarsa ya fita. Na tashi na shiga ɗaki, na daɗe a ciki. Da na fito ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya yi mata albarka.

Ta ce sun sa ni a addu'a a cocinsu. Sannan ta matso ta ce, "Yaya, mun haɗa kai, mu na ofisoshin sama. Za mu gaya wa kwamiti a hana saƙon murya kwata-kwata, a dawo da allo. Ai ba shi ya kawo mu ba."

Na ji daɗi har cikin raina. Ashe ban zauna da mutanen nan a banza ba.

Lahadi, da hantsi

Sannu-Sannu ya rubuto mini: "Haƙuri, 'yata. Komai a hankali." Allah sarki. Ina ƙaunar tsohon nan, amma da a hannunsa maganar take, sai dai jikokina su karɓi hukuncin.

Talata, da yamma

Yau na zauna gaban kwamiti, a tsohon ɗakin taronmu. Teburin da'ira an tura shi lungu an jibga masa matattun mitoci, dogon ya dawo wurinsa. Shugabar kwamitin mace ce daga hedikwata, siririya, da tabarau a kan hanci. Mai Tabarau na sa mata. Guguwa na gefe, ya harɗe hannu, ƙafarsa na kaɗawa, da gani zaman ya ishe shi tun kafin a fara.

Suka sunkuyar da kai kan takardu suka yi ta magana. Na bar su suka yi ta yi. Da na ga sun ɗago suna jiran amsa, na ce, "Ranki ya daɗe, ban san me kuka ce ba. Huluna da ɗankwali na gani. In kuna son amsa, ku dube ni."

Wani daga cikinsu ya ɓata rai. Ita kuwa Mai Tabarau ta ajiye biro, ta jawo kujerarta ta dawo daidai gabana, ta sake tambayar daga farko. Daga nan na san da mutum nake magana.

Da aka zo kan Guguwa ya ce, "Ni na tura wa kowa. Ba wanda na ware."

Na ce, "Yallaɓai, ka tura wa kowa mai kunne."

Ƙafarsa ta daina kaɗawa.

Can sai wani ɗan kwamiti mai taushin fuska ya lanƙwasa wuya ya ce, "Malama, don ke muke faɗa. Ki karɓi ritaya saboda lalura. Ba a ɗora miki laifi ba, ki je ki huta."

Irin wannan tausayin ya fi zagi ciwo a wurina. Na ce, "Ban gaji ba. Ranar da na gaji zan zo da ƙafata in gaya muku. Ku kawo ruwa kowane iri, ku kawo wanda kuka fi yarda da shi mai kunne biyu, a ba mu kwalabe."

Aka ce a dawo Litinin, tare da sauran ma'aikata. 

Laraba, da safe

Na iya aikina. Na iya aikina. In na daina gaya wa kaina, wa zai gaya mini?

Alhamis, da hantsi

Baba Direba ya tsaya da motar ofis a ƙofar gida. Shi ke kai ni tankuna ɗebo ruwan gwaji tun ina sabuwar ɗauka. Ya ƙi shigowa, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya cire hula yana jujjuya ta a hannu.

Ya ce, "'Yata, an kawo mini maganar hana saƙon murya, an ce in sa baki. Na ce ba zan sa ba. Na ga gara ki sani daga bakina."

Na ce, "Baba, har da kai?"

"Har da ni, da leburori, da masu haƙa, da baƙin nan masu gadin tankuna. Allon nan da kike kewa, ni ban taɓa karanta shi ba. Ban iya ba. Kullum sai in tsaya a gabansa in ce na manto tabarau, har wani ya zo wucewa. Wani ya karanta mini daidai, wani ya tsallake, wani ya ce, Baba, sauri nake. Ni da jikoki. Tun da mutumin nan ya zo, aikina daga bakinsa sai kunnena, ba ɗan aike. Ban taɓa jin ni ma cikakken ma'aikaci ne ba sai bana."

Na ce, "To ni fa?"

Ya ce, "Ke ma haka. Wallahi ina son ki dawo, motar nan ba daɗi babu faɗanki. Amma kada ki dawo ta kan wuyanmu."

Na ce ya gaida gida. Ko ruwa ban ba shi ba.

Alhamis, da yamma

Ta kan wuyansu! Ni?

Juma'a, da safe

Baba Direba bai taɓa sa tabarau ba. Shekara da shekaru ina zaune gefensa yana tuƙi, yana hango rami tun daga nesa. Ban ce ya yi gaskiya ba. Tunawa kawai na yi.

Asabar, da la'asar

Yayana da ke aiki a wata ƙasa ya turo gaisuwa. Shi ba ya rubutu, ya ce yatsunsa sun yi wa waya kauri. Bidiyo yake ɗauka, ya kafa fuskarsa ya yi ta zuba, yara su ji murya, ni in karanta baki. Yau muna kallo tare yana ba da labarin yadda ya zame a gaban maƙwabtansa, ni da yaran muka tuntsire da dariya a lokaci guda. Sai na tsaya. Na mayar da shi farko, na sake kallo.

Maigidan ya taɓa kafaɗata ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Litinin ce ta yi mini nisa."

Litinin, da yamma

Ɗakin ya cika. Na ofisoshin sama sun zauna a kujeru, Rediyo a gabansu. Baba Direba da leburori sun tsaya a baya jikin bango, ba wanda ya ce su tsaya can, haka suka saba. Mai Tabarau ta sa aka ƙaro benci, ta ce ba za a fara ba sai kowa ya zauna.

Rediyo ta yi magana mai kyau, har ta ba ni tausayin kaina. Ta ce a hana saƙon murya. Na ga kawunan na baya sun sunkuya. Sai Mai Tabarau ta juyo ta ce, "Malama, ke me kike so?"

Na miƙe na ce, "Ranki ya daɗe, ba na son a hana shi magana. Akwai waɗanda muryarsa ce ta shigo da su cikin aikin nan, kamar yadda allo ya shigo da ni. Ya yi ta maganarsa. Abin da nake nema, ya juyo da wayar ta kalli fuskarsa. Su su ji, ni in gani. Kuma a daina buɗe tanki don an ji shiru. Sai na ce a buɗe."

Rediyo ta dube ni kamar na mare ta.

Guguwa ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Ni zan riƙa ɗaukar kaina a bidiyo kamar mai tallan sabulu? Kuma wa ya ce za ta gane?"

Mai Tabarau ta ce, "Fita baranda ka ɗauka, mu gani."

Ya fita, ya turo. Fuskarsa ta cika mini waya, hanci a gaba. Da gangan ya yi sauri, ya jero sunayen tankuna da na sinadarai, ya cakuɗa su. Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina maimaitawa, su kuma suna bi da kunne suna gyaɗa kai. A ƙarshe, ya ɗauka ya riga ya kashe, leɓɓansa suka ƙara motsi ƙasa-ƙasa. Na ce, "Sannan ya ce matar nan akwai taurin kai."

Ba wanda ya ji wannan. Sai da suka ƙara murya suka mayar baya, sannan na ga kafaɗu sun fara girgiza. Na ce, "Wannan ma gaskiya ya faɗa, ranki ya daɗe." Baba Direba ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Guguwa bai yi dariya ba. Amma da ya shigo ya dube ni ido cikin ido, kuma tun zuwansa ofishin nan yau ne farko.

Yau na yi alfahari da kaina, ba zan ɓoye ba. Ko gobe suka kore ni, na faɗi tawa a tsaye.

Talata, da yamma

Ba labari.

Laraba, bayan azahar

Na rubuta wa Rediyo. Sai can ta amsa: "Mun tsaya miki, kin kwance mana zani a kasuwa. Yanzu mu ne baƙaƙe a wurin Guguwa."

Ya yi mini ciwo ƙwarai. Wannan yarinya ta ba ni aron kunnenta wata da watanni, ko sau ɗaya ba ta nuna gajiya ba. Na rubuta amsa mai tsawo na goge. Na rubuta, "Ƙanwata, ki yi haƙuri da ni." Ta gani, ba ta ce komai ba.

Alhamis, da safe

Ba labari. Na iya aikina.

Juma'a, da la'asar

Mai Tabarau ta sa aka kira ni. Ba ta bari wani ya gaya mini ba, da kanta ta zauna gabana ta cire tabarau. In koma bakin aikina ran Litinin. Saƙo zai riƙa zuwa da fuska, kuma ba mai buɗe tanki sai na ce.

Amma da gargaɗi. Ta ce, "Shugaba ya juya miki baya, sai kika yi zuciya kika yi shiru, ba ki kai maganar sama ba. Ruwan mutane ba a yin zuciya da shi, Malama."

Ya yi mini ɗaci. Amsa ta zo har bakina, na haɗiye ta. Da wani ne ya faɗa da ba mu rabu lafiya ba, amma matar nan ta ja kujera ta zauna a gabana.

Bayan na fito aka shiga da Guguwa, ya daɗe a ciki. Me aka gaya masa, ba a faɗa wa kowa ba. Ya wuce ni a baranda. Haƙuri dai bai ba ni ba, ni ma ban sa rai ba.

Litinin, lokacin hutun rana

An ba ni makullina. Wanda aka aro ya riƙe mini wuri ya hargitsa komai, kwalaben tankin kudu a wurin na arewa, burushi a cikin aljihun tebur. Tun safe nake jerawa. Rediyo ta amsa gaisuwata da ka, ba ta juyo ba.

Can sai wayarta da tawa suka yi haske tare. Sabo ya sa ta kai tata kunne, har ta fara juyowa wajena, sai ta tsaya. Na buɗe tawa.

Ga Guguwa, ya tsayar da mota gefen titi, gumi a goshi, fuska a murtuke. Ya ba masu haƙa nasu, ya ba masu gadi nasu. Sannan ya matso da wayar ya ce, "Mai gwaji, an ce tun safe kina jera kwalabe. Ba ado aka dawo da ke ki yi ba. Tankin arewa na jiranki, mutane na jiran ruwa, ba mai buɗewa sai kin ce. Ki tashi!"

A gaban kowa! Da ta bakin Rediyo ya biyo, da ta sanyaya shi ta ce, "Yaya, ya ce in kin samu dama." Ashe duk watannin nan ana yi mini faɗa, tace mini shi ake yi. Yau na sha shi da zafinsa, lokaci guda da kowa, ba ta hannun kowa ba. Ta taga na hango Baba Direba ya riga ya tayar da mota, yana ɗaga mini wayarsa yana washe baki.

Raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci, ni za a ce wa ado. Kuma ga hawaye na zubo mini, na daɗi, na kasa tsayar da su. Na share fuska da hannun riga, na ɗauki akwatin kwalabe, na juyo da wayar ta kalle ni, na tura wa zauren duka.

Na ce, "Yallaɓai, na gani. Ina hanya."